Wasiƙa daga Martinik: abin da yuro ke saya a nan

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Inna da Goggo da yara duka. Na saurari saƙonka, na kuma ji lissafin da aka yi a zaure: an ɗauki albashina an ninka da 656, aka ce kafin damina biyu zan tada bene a Garwa. Ninkin daidai ne, yuro ɗaya sefa 655.957 ne kuma ba ya motsi. Sai dai ba a tambayi abin da yuron ke saya a nan ba, shi ya sa na zauna in rubuto.

Aikina girki ne da taimakon kyaftin a katamaran, jirgin ruwa mai gindi biyu da iska ke turawa da filafilai, inji kuma na nan don shiga tasha da ranar da iska ta kwanta. Turawa ne ke hayarsa mako guda ko kwana goma. Muna tashi daga Le Marin a kudancin Martinik, tsibiri a tekun Karibiyan, mu gangara Sent Lusiya, Sent Binsent, Bekwe, har Tobago Cays, mu juyo. Cefanen tafiyar duka a wuyana yake, don haka farashi ba labari nake ji ba.

Martinik yankin Faransa ce cikakkiya tun 1946, kuma yawancin abin da ke kan kanta a kwantena yake zuwa daga can, ya biya kuɗin jirgi, ya biya wani harajin shigo da kaya na tsibiran. Hukumar ƙididdiga ta Faransa ta auna a 2022 ta ce abinci a nan ya fi na Faransa tsada da wajen kashi 40 cikin ɗari. A Satumban 2024 mutane suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa har aka sa dokar hana fitar dare. Kaya kam akwai, ba abin da za ka nema a babban kanti ka rasa: cuku iri-iri, man shanu, gwangwanaye. Amma naman sa ɗanye na masu hali ne, talaka kajin ƙanƙara yake ci, ni kuma in ina son yankan Musulmi sai na je Fort-de-France, babban birnin tsibirin. Kai da kake aiken yaro mahauta da safe ya dawo da naman da aka yanka bayan asuba, ka gode wa Allah.

Abin da ya faranta min rai kasuwar manoma ce. Kuɓewa, dankali, doya, rogo, gwaza, tsamiya, mangwaro, duk suna nan, har zoɓo suna sha lokacin Kirsimeti. Kakanninsu daga wajenmu aka kwaso su, tukunyarsu ta nuna. Sai dai ana tambayar inda aka noma saiwa, saboda wani maganin ƙwari, chlordécone, da aka riƙa zubawa a gonakin ayaba daga 1972 zuwa 1993. Har yau yana cikin ƙasa, ya gangara teku, an hana kamun kifi a wasu gaɓoɓi. Namu kifin a tsakiyar teku muke kamawa, da ƙugiyar da muke ja a bayan jirgi.

Ruwa shi ne babban darasi. Teku ta kewaye ka ta ko'ina, ba ka iya kurɓar ko cokali. Tankin jirgi 'yan ɗaruruwan lita ne, a tasha da mita ake sayar maka. Muna da injin da ke matsa ruwan gishiri da ƙarfi ta cikin wata matata ya fito da na sha, amma batir yake ci, batirin kuma sola da inji ke cika shi, firiji ma a kansa yake. Saboda haka kowane famfo da aka buɗe, lissafin wuta ne. Kwanuka da ruwan teku nake wankewa a guga a bayan jirgi, sannan in fesa musu na daɗi da 'yar kwalbar feshi in goge. Alwalata rabin buta. Baƙi kuwa ranar farko su shiga wanka su bar ruwa na zuba suna waƙa, kyaftin yana waje yana jin ƙarar famfon yana cije leɓe. Zuwa rana ta uku sun koya. Ni wanda ya sha Maris da Afrilu a Garwa ba wanda ya koya min. Kada ka ɗauka a tudu ma lafiya lau ne, a ranin nan ana ɗauke ruwan famfo unguwa-unguwa. Wuta ce dai ba kasafai take tafiya ba.

Hannun mutum shi ne mafi tsada. Mafi ƙarancin albashi a nan ya haura yuro 11 a awa, makanikin jirgi kuma yana cajin fiye da yuro 50 a awa, wato ya wuce sefa 30,000, ko da kallon injin kawai ya yi. Kuma ba gyara suke yi ba, canji suke yi: a cire tsohon a jefar, a yi odar sabo daga Faransa, jirgi ya zauna jira. Na tuna masu naɗin waya da masu walda na bakin babbar kasuwa, waɗanda ke tada janareton da ya mutu da sefa 'yan dubbai. Ranar da famfon sanyaya inji ya tsaya mana a Bekwe na kwance shi na canza robar ciki, kyaftin ya daina kallona a matsayin kuku kawai. Bashi babu, ciniki babu, abin da aka manna a jikin kaya shi za ka biya, da kati.

Da ka ƙetare mashigin da ke kudu, tafiyar awa huɗu ko biyar, duniya ta canza. Sent Lusiya da Sent Binsent ƙasashe ne masu 'yanci tun 1979, Ingilishi suke yi, mota a hagu take bi, kuɗinsu dalar gabashin Karibiyan, 2.70 a dalar Amurka ɗaya tun 1976. Kowace ƙasa sai a ɗaga tuta rawaya, kyaftin ya sauka da fasfunanmu wajen 'yan duwan, wato kwastan, a biya, in ranar hutu ce a ƙara kuɗi. A Martinik kuwa a kwamfuta ake cika takardar a wuce. Har tukunyar gas bakinta daban, ta Faransa ba ta ɗuruwa a can.

Amma a can ne raina ke kwanciya. Kafin ka saki anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri ɗaya, ga kwale-kwalen katako mai fenti ja da shuɗi ya iso, mutum ɗaya a ciki da burodi mai zafi, ƙanƙara, kifi, ayaba, yana tambaya ko akwai shara ya kwashe. Kamar 'yan talla ne in mota ta tsaya a tashar Figil, kowa na miƙo kaya ta taga. Ana taya, ana ragi, ana dariya, ya gane ka in ka dawo. Tobago Cays ƙananan tsibirai biyar ne da ba kowa a kansu, ba kanti ba famfo, sai farin yashi da kunkurun teku, to waɗannan mutanen su ne kasuwar. Yawancinsu daga tsibirin Union suke, wanda guguwar Beryl ta kwashe wa rufin gidaje a ranar 1 ga Yulin 2024. Tun daga nan ba na matsa musu a ciniki, kuɗin ma ba nawa ba ne.

Abu biyu kun fi mu. Tura kuɗi ta waya a kowace kwana babu shi a nan, sai banki da kati. Sannan babur na haya babu, motocin haya kuma da yamma ta yi sun ƙare, ranar Lahadi ƙafarka ce motarka. Nan kuma an fi ku a magani: ba a sayar da shi a faranti cikin rana, mai ƙarfi sai da takardar likita, abin da ke kwalin shi ne a ciki. Salla ba ta ba ni wahala, iskar nan daga gabas take kaɗawa kusan kullum, jirgi a kan anka goshinsa na fuskantar iska, sai in ɗan karkata arewa.

Ga abin da ya rushe lissafin zaure. Aikin na lokaci ne, daga Disamba zuwa wajen Mayu. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, baƙi su ragu, jirage da yawa a ɗaure su ko a kai su kudu wajen Girenada. A watannin nan haya nake biya a tudu, in ci abinci a farashin da na faɗa maka. Auta da yake ta ƙorafin in jawo shi, ka ce ya gama koyon injin dizal tukuna, ya koyi iyo sosai a Binuwai, kuma ba a ɗaukar ma'aikaci a jirgi sai da takardar horon ceto a teku.

In an sami mai zuwa Faransa, a haɗo min kuka da daddawa da yaji, zan sa a turo daga Paris. Ban da kilishi, dokarsu ta hana matafiyi shigo da nama, a filin jirgi za a ƙwace. Ka gaya wa Inna kuna gabanmu da awa biyar, in za ta kira ta bari sai bayan azahar ɗinku.