asyncio ko uvloop: Wanne Za Ka Ɗauka?

Tambayar nan ta ishe ni: a yaren rubuta manhaja na Python, madaukin ayyukan asyncio (tsarin da ke jujjuya ayyuka da yawa, ya ci gaba da wani yayin da wani ke jira) za a bari, ko a koma uvloop, wani madaukin da ake girkawa a madadinsa?

Na asyncio ba sai ka girka komai ba. Tun Python 3.4 yake ciki, kuma yana tafiya a Windows da Linux.

uvloop kuwa kan libuv aka gina shi, injin da Node.js (dandalin tafiyar da manhajojin yaren JavaScript) ke amfani da shi, don haka ya fi sauri idan masu shigowa manhajarka ta intanet sun yi dubbai. Sai dai ba ya aiki a Windows. Kuma kar saurin ya ruɗe ka: ka saka time.sleep(), umarnin da ke dakatar da manhaja na ɗan lokaci, a ciki, duka biyun tsayawa za su yi cak.

Mai koyo ko mai Windows, asyncio ya wadatar. Mai sabar Linux (kwamfutar da ke karɓar masu shigowa) da cunkoso ya dama, ya gwada uvloop.