Gwangwanin tsofaffin kwabban Ingila ko akwatin manyan sulalla biyar?

Malam, ka ɗauki gwangwanin kwabban nan, ka bar wa mai kaya akwatinsa, muddin dai kuɗinsu ɗaya ne kamar yadda ka rubuta. Na duba hotunan da ka saka: a gefe guda kwabban tagulla na Ingila kimanin ɗari biyu a cakuɗe, a ɗaya gefen kuma manyan sulallan nan da ake kira kirawun, wato kuɗin sule biyar, guda biyar, na 1951 da 1953 da 1965 da 1977 da 1981, an jera su a kan jan ƙyalle. Dukansu biyu na taɓa zuba musu kuɗina, kuma ɗaya ne kaɗai nake buɗewa har yau.

Bari in fara da wanda na yi da-na-sani a kansa, domin zancensa ba shi da tsawo. Kirawun ɗin 1965 mai hoton Churchill, tsohon firaministan Ingila, shi ne kuɗin Ingila na farko da na taɓa saya da tsada, kuma girmansa da farinsa ne suka ruɗe ni, ga nauyi a tafin hannu har giram 28 da ɗoriya, mai sayarwa kuma ya ga ina zaton azurfa ce bai gyara mini ba. Sai daga baya na gane cewa tun 1920 Ingila ta rage azurfar da ke cikin sulallanta daga kashi 92.5 cikin ɗari zuwa kashi 50, sannan daga 1947 ta cire ta gaba ɗaya, ta koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Saboda haka, irin waɗanda aka saba gani na shekarun nan biyar da ke cikin akwatinka ba su da ko ƙwayar azurfa. An buga na Churchill fiye da miliyan 19, kuma da yake don tunawa aka yi su, mutane suka adana su a cikin aljihun tebur ba tare da sun kashe ba, shi ya sa sabo fil ɗinsa ma ba ya wahalar samu. Na 1977 da na 1981 kuwa ba ma tsohon kuɗi ba ne, domin an yi su bayan canjin kuɗin da Ingila ta yi a 1971, darajarsu sabon kwabo 25 ce, ba sule biyar ba. Alherin da zan iya faɗa a kan akwatin shi ne na 1951 yana da kyan zane, mahayin doki yana sukar dodo, kuma bai kai sauran yawa ba. Iyakarta ke nan. Ka dube su sau ɗaya, ka gama sanin duk abin da ke jikinsu.

Kwabo kuwa wani al'amari ne daban. Lokacin da nake karatu a Ingila na sayi wani gwangwanin biskit cike da su a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi, a hannun wani dattijo da yake neman rabuwa da tarkacen gidansa, kuma na shafe dararen hunturu da dama ina jera su a kan tawul bisa shekara, daga na Sarauniya Biktoriya da suka side har ba a ganin rubutunsu, zuwa na Sarauniya Elizabeth masu sheƙi. A cikin dare na huɗu ko na biyar na ɗauki wani na 1919, wanda launinsa ya ɗan fi na 'yan'uwansa ja, na kara masa gilashin ƙara girma, sai ga wasu ƙananan haruffa biyu, KN, a hagu da shekarar. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne na san haruffan nan tun ina yaro, ba tare da na san ma'anarsu ba, domin suna jikin wani kwabo mai huji da kakata take ajiye da shi a cikin adudunta tare da anini da sisi. Ashe kamfani ɗaya ne ya buga su, wato na King's Norton da ke Birmingham, wanda ya taya gidan buga kuɗi na masarauta aiki a 1918 da 1919, kuma ya buga wa Afirka ta Yamma kwabbanta. Kwabon nan ya sha hannu, kuɗinsa ba zai kai ka Makka ba, amma shi ne ya mayar da ni mai tarawa bayan da na kasance mai saye kawai.

Idan an ɗora su a sikeli, kwabo uku sun yi daidai da kirawun ɗaya, domin kowane kwabo giram 9.4 ne da ɗan kai, ko da yake a lissafin kuɗi kwabo sittin ne suke yin kirawun. Amma ta fuskar abin da za ka koya, kwabo ya yi masa nisa, saboda an buga shi da girma ɗaya da nauyi ɗaya tun daga 1860 har zuwa mai shekarar 1967, a ƙarƙashin sarakuna biyar, kuma a tsawon wannan lokaci an yi ta sauya ƙananan abubuwa waɗanda sai mai lura yake gani. Daga 1860 zuwa 1894 Biktoriya tana da gashi tufke a ƙeya, a bayan kwabon kuma macen nan mai mashi mai baki uku, Britannia, tana zaune da hasumiyar fitila a gefe guda da jirgin ruwa a ɗaya gefen. Daga 1895 sarauniyar ta fito a tsohuwa da mayafi, aka kuma cire hasumiyar da jirgin, hasumiyar ba ta dawo ba sai 1937. Da wannan kaɗai za ka iya raba gwangwaninka kashi-kashi ko da shekarun wasu sun goge.

Wurin da za ka fi kafa ido shi ne ɗan filin da ke ƙarƙashin ƙafafun Britannia, inda aka rubuta shekara. Harafin H yana nufin kamfanin Heaton, shi ma na Birmingham. A zamanin Biktoriya yana ƙarƙashin shekarar, a na 1874 da 1875 da 1876 da 1881 da 1882, a zamanin Sarki Joji na Biyar kuma yana hagu da ita, a na 1912 da 1918 da 1919. Na 1912 mai H yana da yawa, kusan kowane gwangwani da ba a tsince ba akan same shi, amma KN ya fi H wuya sosai. A cikin na Biktoriya, 1869 da 1875 mai H su ne ake nema ruwa a jallo. Na 1902 iri biyu ne, a ɗaya layin teku ya taɓa ƙafar Britannia a ƙasa, a ɗayan kuma ya ɗan hau, kuma mai ruwa a ƙasa shi ne ƙarami a yawa. Ba za ka tantance shi da kyau ba sai ka ajiye guda biyu kafaɗa da kafaɗa.

Wanda ya fi ba ni wahala kafin in iya shi ne na 1926. Kan Sarki Joji na Biyar a kwabban farko ya yi tudu da yawa, har idan aka buga sai inuwarsa ta bayyana ta baya, a jikin Britannia, saboda haka a cikin shekarar 1926 aka gyara hoton, shekarar ta ƙare da iri biyu. Ka dubi gindin wuyan sarkin, inda mai zanen ya sa haruffan sunansa, B da M. A tsohon hoto akwai ɗigo bayan kowane harafi, a gyararren kuma babu ɗigo, haruffan sun kuma matsa dama. Gyararren shi ne mai daraja. Bayan wannan, ka ware duk wani na 1950 da 1951, domin 240,000 kawai aka buga na farko, na biyu kuma 120,000. Kada ka ɓata lokaci kana neman na 1923 zuwa 1925, ko na 1941 zuwa 1943, ko na 1955 zuwa 1960, ba a buga kwabo da waɗannan shekaru ba. Haka nan babu kwabon Ingila da ya shiga kasuwa da hoton Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a 1936. Idan kana son sunansa a kan kuɗi na gaskiya, kwabonmu mai huji na 1936 shi zai ba ka, kuma ba shi da tsada.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da masu sayarwa, domin a wannan harka kyan ɗan maciji ya yi yawa. Duk wanda ya nuna maka kwabon 1933 a waya ya ce na kakansa ne, ka yi masa sallama. Ba su wuce shida ko bakwai ba aka buga a wannan shekara, an binne uku a ƙarƙashin harsashin gine-gine, ɗaya daga cikinsu ma an haƙe shi an sace a wani coci da ke Leeds a 1970, sauran kuma an san inda suke. Abin da ake yawo da shi ko dai zubi ne na kwanan nan, ko kuma na 1935 ko 1936 ne aka sassaƙe lambar ƙarshe ta koma 3. Irin wannan aika-aika ake yi wa na 1882, wanda marar H ɗinsa yake da matuƙar wuya, sai a sa magagari a goge harafin. A gefe guda kuma akan liƙa H ko KN a kan na 1918 da 1919. A ƙarƙashin gilashi mai ninka girma sau goma za ka ga ƙarfen wurin ya bambanta da na kewayensa, ko ya lotsa, ko launinsa ya sauya. Ka riƙa tafiya da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal da kuma maganaɗisu: tagulla ba ta kama maganaɗisu, kuma kwabon da bai side ba amma ya gaza giram tara abin tuhuma ne.

Yaudarar da ta fi shafar cinikinka kai tsaye ita ce kalmar nan da suke yawan faɗa, wai ba a taɓa tsince gwangwanin ba. Mafi yawansu an tsince su tun kafin 15 ga Fabrairun 1971, ranar da Ingila ta bar lissafin fam da sule da kwabo, domin tun a lokacin yara 'yan makaranta suna farautar H da KN a cikin canjin da aka ba su. Wasu kuma sukan cika ƙasan gwangwanin da na 1967, wanda aka buga fiye da miliyan 600 saboda an ci gaba da sa wannan shekarar har bayan ta wuce, sannan su watsa 'yan na Biktoriya a sama don ɗaukar hoto. Ka sa mai kaya ya juye shi duka a kan tire a gabanka, ko a bidiyo ba tare da yankewa ba. Idan fiye da rabi na shekarun 1961 zuwa 1967 ne, ka rage tayinka sosai, idan kuma ya ƙi juyewa, ka riƙe kuɗinka.

Idan ya zo hannunka, don Allah kada ka wanke su. Na san hannu zai yi maka ƙaiƙayi ka kawo lemun tsami da toka ko man goge ƙarfe, kamar yadda ake yi wa tasa, amma baƙi-baƙin nan da shekaru suka shafa musu shi ne masu saye suke biya, kuma kwabon da aka goge ya yi ja wur darajarsa ta faɗi, ba ta kuma dawowa. Abin da za ka ware shi ne duk wanda ya yi koren tsatsa, domin danshin damina yana ƙara cin sa, kuma bai kamata ya kwana tare da masu lafiya ba. Masu kyau ka sa kowanne a ƙaramar ambulan ta takarda ka rubuta shekara da alamarsa a kai, ka guji leda mai laushi, wadda take sa su yin kore idan sun daɗe a ciki, ka kuma riƙa kama su ta gefe.

Idan ka gama jerawa, ka ɗauki hoton gaba da baya na duk wani 1902 da 1912 da 1918 da 1919 da 1926 da ka samu, a cikin hasken rana ba da fitilar waya ba, ka saka a nan mu duba tare. Na 1926 ɗin ka matso da kyamara kusa da gindin wuyan sarkin.