Zaɓen kujerar bakin taga a jirgin Kano zuwa Abuja: sharhi kan tsarin

Kamfanonin jiragen sama da dama da ke jigila tsakanin filin Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe a Abuja suna ba fasinja damar zaɓar kujerarsa a manhajarsu ko a shafinsu na intanet, wasu kyauta, wasu kuma sai an ƙara ɗan kuɗi a kan na tikiti. Tafiyar ba ta wuce sa'a guda ba, don haka ana iya tambaya ko zaɓen yana da wani amfani. Ga mai son kallon ƙasa daga sama yana da shi, da sharaɗin ya san ɓangaren da zai zauna da kuma watan da zai yi tafiyar, domin taswirar kujerun da manhaja ke nunawa ba ta faɗa masa ko ɗaya daga cikinsu.

Jirgin yana fuskantar kudu maso yamma ne, saboda haka da safe rana tana hannun hagu, kuma wanda ya zauna a kujerar A zai sha haskenta a ido har ya gaji ya sauke murfin tagar. Ɓangaren dama, wato kujerar F a jirgin Boeing 737, shi ne na zaɓi a jirgin safe. Jim kaɗan bayan tashi, idan sama ta yi garau, ana hango ruwan madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye yana ƙyalli, sannan gonaki su biyo baya a yanyanke kamar tabarmar kaba. Mai kujerar hagu kuwa rabonsa madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai dai da safe hasken yakan hana shi more kallonta.

Abin da ya fi ba ɓangaren dama daraja yana wajen sauka. Idan jirgin ya tunkari titin saukar Abuja ta arewa maso gabas, Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100, yakan bayyana a dama, tsaye shi kaɗai kusa da Madalla, da zane-zanen baƙin ruwan da ya zubo a jikinsa. Wannan ya dogara ne da yadda iska ke kaɗawa a ranar, domin ita ke sa a sauya ɓangaren da jirage ke sauka.

Inda tsarin ya gaza shi ne rashin nuna fiffike yadda ya kamata. Kujerun tsakiyar jirgi suna bisa fiffike ne, kuma wanda ya biya kuɗi ya zauna a can ƙarfe kawai zai yi ta kallo, don haka gara mutum ya matsa gaba sosai ko ya koma can baya, ko da yake ƙarar inji ta fi yawa a bayan. Akwai kuma ranar da wani kamfani ya sauya mana jirgi da ƙarami, lambar da ke kan katina ta faɗa kujerar gefen hanya, ma'aikaciyar jirgin kuwa iyakar abin da ta ce shi ne, “Yallaɓai, a yi haƙuri, jirgin ya cika.” Ba a mayar mini da kuɗin zaɓen ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana rufe ƙasa ruf, har yakan jawo jinkiri ko soke tashi a Kano, kuma biyan kuɗin taga a wannan lokaci asara ce. A tsakiyar damina gizagizai ke tare komai. Watan Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta bushe ba, shi ne ya cancanci ƙarin kuɗin. A dawowa Kano da yamma ma kujerar F ce ta fi sauƙin rana, sai dai a wannan karon Tiga ce za ta kasance a ɓangarenta.