Coton Sport ta 2008 da ta yanzu: amsa ga ƙanenmu na Marwa

Ƙanenmu na Marwa ya yi tambaya, ya ce shi bai yi wayo ba lokacin da ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport ta Garwa a Kamaru ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Abin da ya gani da idonsa shi ne kofin lig uku a jere, 2021, 2022 da 2023, sannan kofin ya suɓuce ya tafi Limbe wurin Victoria United a 2024, ya koma hannun Colombe a 2025. Yana son a gaya masa tsakani da Allah: ƙungiyar da manya ke ta yabo da wadda yake kallo yanzu, wacce ta fi? Kuma mu ne muka lalace, ko sauran ƙungiyoyi ne suka taso?

Ɗan'uwa, ta 2008 ta fi, nesa ba kusa ba. Amma in ka tsaya ga lissafin kofunan gida kaɗai ba za ka ga inda bambancin yake ba, don a gida dukkansu biyun sun yi mulki.

An kafa Coton a 1986 a ƙarƙashin Sodecoton, kamfanin auduga da hedikwatarsa ke nan Garwa, ta ɗauki kofin lig na farko a 1997. Daga 2003 zuwa 2008 ta ɗauke shi sau shida ba tare da ta bari kowa ya taɓa ba, kuma a huɗu daga cikin shekarun nan, 2003, 2004, 2007 da 2008, ta haɗa da Kofin Kamaru. Ta bayan nan ta ɗauki uku a jere, ta haɗa da Kofin Kamaru a 2022, abin da ya kai jimillar kofunan lig zuwa 18 a 2023. Canon ta Yawunde, wadda ke biye mata, 10 take da su, na ƙarshensu tun 2002. To ka ga a takarda shida da uku ne, tazarar ba ta kai yadda manya ke kururutawa ba.

Sai an fita waje ake gane kowa. A 2008 rukuninmu ya ƙunshi Enyimba ta Aba, wadda ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, da TP Mazembe ta Lubumbashi, wadda ta zo ta ɗauke shi a 2009 da 2010, da Al Hilal ta Sudan. Coton ce ta zo ta ɗaya a wannan rukuni. A wasan kusa da na ƙarshe ta ci Dynamos ta Zimbabuwe ɗaya da nema a Harare, ta ƙara mata huɗu da nema a Garwa. Rabon da wata ƙungiyar Kamaru ta kai wasan ƙarshe na wannan gasa tun Canon a 1980. Kuma wadda muka tarar a can Al Ahly ce ta su Aboutrika, mutumin da a watan Fabrairun shekarar ya ci Kamaru ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka a Akara. Sun ci mu biyu da nema a Alƙahira. A filinmu na Roumdé Adjia a Garwa su suka fara ci, muka farke, Ousmaila Baba ya ƙara ta biyu, sai suka samu fenareti dab da tashi aka yi biyu da biyu. Ina cikin filin ranar. Da ƙwallo ta biyu ta shiga, wani dattijo da ke gabana ya cire hularsa ya ɗaga sama yana kabbara, ruwan ledan da ke hannunsa ya fashe ya jiƙa mu, ba wanda ya waiwaya. Lissafi bai ba mu kofin ba ko a lokacin, muna buƙatar ƙarin biyu, amma kowa a filin ya yarda za a iya, kuma 'yan Ahly da kansu sun ja baya suna tsaron gida.

Yanzu ɗauki 2023 ka ajiye kusa da wannan. Zakarun Kamaru sau biyu a jere, masu kofi biyu a hannu, suka shiga rukuni da Mamelodi Sundowns ta Firitoriya a Afirka ta Kudu da Al Ahly da Al Hilal. Wasa shida, an ci mu duka shidan, ko maki ɗaya ba mu samu ba. Ahly ta zo har Garwa ta zura mana huɗu ba mu rama ko ɗaya ba. Kuma a wannan kakar ce dai muka sake ɗaukar kofin lig. Wannan ya fi ci mini tuwo a ƙwarya fiye da rasa kofi a 2024 da 2025, don ya nuna ana iya zama zakara a gasarmu ba tare da an kai matsayin da za a tsaya gaban manyan Afirka ba.

Kada ka ɗauka tun daga 2008 gangarowa kawai ake yi. A 2013 mun kai kusa da na ƙarshe a gasar zakarun, Ahly ta sha da ƙyar a bugun fenareti bayan kunnen doki gida da waje. A 2014 ita ce ta sake tare mu a kusa da na ƙarshe na gasar Konfederashon, a 2021 kuma JS Kabylie ta Aljeriya ta fitar da mu a daidai wannan mataki. Ƙungiyar da ta yi waɗannan ba matacciya ba ce.

Abin da na fi ba wa nauyi shi ne daɗewar 'yan wasa tare. Ƙungiyar 2008 ba a shekara ɗaya aka gina ta ba. Tun 2003 Coton ta buga wasan ƙarshe na kofin CAF da Raja ta Kasabalanka, ta sha kashi, ta dawo ta ci gaba da fita Afirka kowace shekara har ta san yadda ake buga wasan waje, yadda ake cinye lokaci, yadda ake haƙuri da alƙalin wasa da ihun 'yan kallo. Kuma a lokacin Garwa ce ke janyo 'yan wasa daga maƙwabta. Daga Nijar kaɗai akwai mai tsaron gida Kassaly Daouda da ɗan gaba Kamilou Daouda, mutanen da suka riƙe tawagar ƙasarsu shekaru. Ɗan wasa ya san a Coton akwai albashi da filin atisaye da gasar Afirka, don haka yana zuwa ya zauna.

Sayar da 'yan wasa ba sabon abu ba ne, kuma ba na ƙin sa. Jacques Zoua ya tafi Basel a 2009, Vincent Aboubakar ya tafi Valenciennes a 2010, Edgar Salli ya tafi Monako a 2011, Ambroise Oyongo ya tafi Amurka a 2014. Duk wanda ya ga ƙwallon Aboubakar a ragar Masar a 2017, ko wadda ya ci Birazil da ka a Ƙatar a 2022, ya san Garwa ba ta yi asara ba. Amma dubi abin da ya faru da Souaibou Marou. Yana Coton aka kira shi gasar kofin duniya ta 2022, shi ne ƙarfin gabanmu, sai a Janairun 2023 ya koma Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu, wasannin rukuni kuma suka fara a Fabrairu. Ba wanda zai ga laifin yaro don ya bi inda abincinsa yake. Abin lura shi ne ba Turai ya tafi ba, wata ƙungiyar Afirka ce ta saye shi. Waɗanda muke karawa da su kafaɗa da kafaɗa a 2008 yanzu su ne masu saye, mu ne masu sayarwa. Sundowns tana da kuɗin gidan attajiri Motsepe a bayanta, ƙungiyoyin Masar da Maroko suna da kuɗin talabijin da na talla, mu kuma abin da kamfanin auduga ya iya warewa. Manomi ya sani in aka tsinke auduga kafin ta buɗe ba a samun nauyi a sikeli, kuma haka muke yi da ƙungiya: tana fara nuna sai a kwashe.

Ana ganin wannan a fili ƙarara, ba sai an karanta jarida ba. 'Yan wasan da suka daɗe tare, ɗan baya na gefe yana fara gudu tun kafin ɗan tsakiya ya karɓi ƙwallo, shi kuma ya tura masa ba tare da ya ɗaga kai ba. A wasannin lig na bayan nan da na kalla, ɗan tsakiya kan tare ƙwallo, ya ɗaga kai, ya nemi wanda zai ba, ya rasa, ya mayar baya. Kafin ta dawo abokan hamayya sun koma sun cika gidansu da mutum tara. Sai a koma ɗaga dogayen ƙwallaye daga gefe, 'yan bayansu su yi ta cirewa da ka. Muna riƙe ƙwallo fiye da kowa, kwana tana yawa, amma gola ɗinsu kan tashi wasa rigarsa ba ƙura sosai. Ba rashin gwaninta ba ne, yaran sun iya ƙwallo, wasu ma sun fi na da iya sarrafa ta a ƙafa. Ba su san juna ba ne, kuma kafin su sani an buɗe kasuwar 'yan wasa.

Ɓangare na biyu na tambayarka, ko sauran ne suka taso. Sun taso, amma a wani fanni kawai. Tsoron Garwa ya ragu. A da ƙungiyar kudu takan yi tafiyar wajen kilomita 1,000, jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngaundere sannan mota zuwa Garwa, ta fito fili da rana a zafin Maris ko Afrilu da kan wuce digiri 40, ta riga ta sallama tun kafin a busa. Yanzu suna zuwa da shirin neman maki ɗaya, kuma sukan samu. Dubi waɗanda suka ɗauki lig a shekarun da ba mu ɗauka ba: Tiko United a 2009, Union ta Duwala a 2012, UMS ta Loum a 2016 da 2019, Eding Sport a 2017, PWD ta Bamenda a 2020, kakar da korona ta katse, sai Victoria United da Colombe. Ban da UMS ba wadda ta maimaita, kuma ba ɗaya a cikinsu da ta kai inda Coton ta kai a Afirka. Kowacce takan yi kaka ɗaya mai kyau ta watse. Wannan ba ƙarfin lig ba ne. Gasar da aka sha dakatarwa saboda rikicin hukumar ƙwallon ƙasa da hukumar lig, aka kuma yi ta sauya mata tsari, yau rukuni biyu da wasannin fitar da gwani, gobe wani abu daban, ba ta wasa ƙungiya ta yi kaifin da za ta je Firitoriya ko Alƙahira.

Akwai inda ta yanzu ta fi, kuma ya kamata a faɗa. Filin Roumdé Adjia da aka gyara saboda kofin ƙasashen Afirka na farkon 2022, inda Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema sannan Tunisiya ta fitar da ita, ya fi wanda aka buga wasan ƙarshe a cikinsa a 2008 ta kowace fuska: ciyawa, fitilu, kujeru. Garwa ta kuma samu wata ƙungiyar, Gazelle, a babban rukuni, yaran gari sun samu ƙofa ta biyu. Sai dai kujerun nan masu kyau sau da yawa babu kowa a kansu. Ranar Asabar ko Lahadi za ka ga 'yan moto sun jera babura a ƙofar gidan kallo ana kallon gasar Ingila, filin da ke bayansu kuma ana jin muryar koci daga sama saboda ƙarancin mutane. A nan laifin ya hau kanmu mu magoya baya, don ɗan wasan da ya saba buga wa kujeru ba zai ji nauyin rigar ba, kuma ba abin da zai riƙe shi in an zo da tayi.

Saboda haka, ƙanena, in kana son auna Coton ta wannan kaka, kada ka tsaya ga sakamakon mako ɗaya, ko an ci ko an yi canjaras. Rubuta sunayen sha ɗayan da suka fara wasan farko na kaka, ka ajiye takardar. In an rufe kasuwar Janairu ka ɗauko ka ƙirga nawa suka rage, ka sake ƙirgawa a farkon kaka mai zuwa. In bakwai ko takwas suna nan, musamman mai tsaron gida da 'yan baya na tsakiya da mai raba ƙwallo, to ka sa rai da wasannin share fage na Afirka. Marwa zuwa Garwa kuma ba nisa, kilomita 200 da 'yan kai ne. Ka shigo motar safe ranar da muke gida, ka zauna a ɓangaren da ke kallon tsakiyar fili, ka bar bin ƙwallo da ido na minti goma ka kalli abin da 'yan wasan da ba sa riƙe da ita suke yi.