Landan zuwa Faris: Awa Ɗayan da Ake Faɗa

Assalamu alaikum, Yaya. Da fatan kuna lafiya, a gaishe mini da Inna.

Ka ce ka ji ana cewa daga Landan zuwa Faris tafiyar awa ɗaya ce a jirgin sama. A takarda haka ne. Tsakanin filin jirgin Heathrow da na Charles de Gaulle kusan kilomita 350 ne, tikiti kuma yakan nuna awa ɗaya da minti 15 ko 20. A cikin wannan ma har da jan jiki da jirgi ke yi a ƙasa yana jiran layin tashi, don Heathrow ba ya rabo da cunkoso. Sannan agogon Faris yana gaban na Landan da awa ɗaya, kada ka ga an rubuta tashi 9:00 sauka 11:20 ka ɗauka tafiyar ta haura awa biyu.

Abin da tikiti ba ya faɗa shi ne duka filayen biyu a bayan gari suke, kowanne ya fi kilomita 20 daga tsakiyar birni. Kafin ka isa Heathrow a jirgin ƙarƙashin ƙasa ka ci kusan awa. Ana son ka iso awa biyu kafin tashi, a auna kaya, a caje ka. Ka sauka can, ga layin duba fasfo, ga jiran akwati, ga jirgin ƙasan RER B mai kai mutum cikin gari na wajen rabin awa. Wallahi kafin ka ga tsakiyar Faris awa biyar ta tafi.

Shi ya sa ni na fi son Eurostar, jirgin ƙasan da ke ratsa ƙarƙashin teku ta ramin da aka buɗe a 1994. Ramin kilomita 50 ne, minti 20 ka fito ta ɓangaren Faransa. Hanyarsa ta fi ta sama tsawo, kusan kilomita 490, amma yana gudun kilomita 300 a awa, kuma daga tashar St Pancras zuwa Gare du Nord awa biyu da kwata ce ko sama kaɗan, duka biyun a cikin gari. Fasfo tun a Landan jami'an ƙasashen biyu suke duba shi, in ka sauka sai ka kama gabanka. Akwati biyu manya kake shiga da su, ba ƙarin ko sisi, alhali kamfanonin jirgin sama masu araha sai sun caji kuɗin akwati daban. Aibinsa ɗaya: wanda bai sayi tikiti da wuri ba zai sha tsada.

Jirgin sama yana da ranarsa in Faris zango ce kawai, za ka canza jirgi zuwa wata ƙasa.

Kuma ka faɗa wa abokin nan naka mai shirin zuwa, bizar Birtaniya ba ta shiga Faransa. Ya nemi ta Shengen, wato bizar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Turai har da Faransa, tun kafin ya taso, ko ta sama zai bi ko ta ƙasa.