Farautar zakin Ashuriya ko dardumar bangon Turawa: amsa ga mai tambaya

Malam, tunda ka tambayi wanda za ka saya tsakanin kwafin sassaƙar farautar zaki ta Ashurbanipal sarkin Ashuriya da waccan dardumar bango ta farautar Turawan da, ni dai na zakin zan ce ka ɗauka, duka biyun suna gidana.

Nawa na filasta ne, wanda aka fi sani, zakanyar nan da kibau suka huda mata baya tana jan ƙafafunta na baya a ƙasa amma kanta a sama, baki buɗe. Yana falo kusa da taga, in rana ta yi la'asar haske ya bugo shi ta gefe sai kaga jijiyoyin ƙafarta sun fito ɗaya bayan ɗaya. Kawuna tsohon mafarauci ne, da ya zo ya fi ƙarfin minti nawa a tsaye gabansa, shayinsa har ya huce, ƙarshe cewa yayi wanda ya sassaƙa wannan ba labari aka bashi ba, ya ga dabbar da aka karya wa gadon baya da idonsa.

Kuma da gaskiyarsa. Na asalin an sassaƙa su ne a bangon fadar sarkin a Ninawa, garin Annabi Yunus (AS), gefen Mosul ta Iraki a yanzu, wajen shekara 645 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani ɗan Mosul Hormuzd Rassam ya tono su a 1853, yanzu suna gidan tarihi na British Museum a Landan. Abin da mutane basu lura dashi ba, ba farautar daji bace irin ta mu, zakunan a keji ake kawo su, har zaka ga wani ɗan ƙaramin mutum a saman kejin cikin nasa ɗan akurkin yana ɗaga ƙofa, sojoji sun kewaye fili da garkuwa da karnuka, jama'a sun hau tudu suna kallo, sarki yana kan keken doki da baka, masu mashi na tsare masa baya. Nuna iko ne kawai, amma masu sassaƙar kamar tausayinsu na wajen zakin, fuskar sarki ko motsi babu, zakunan kuwa kowanne da irin mutuwarsa.

Dardumar kuma, toh, ba laifi. Na asalin guda huɗu ne, Devonshire ake ce musu, saƙar ulu ta ƙarni na 15, suna gidan tarihin Landan da ake kira V&A, tsayin kowacce daga sama zuwa ƙasa ya kai wajen mita 4. A kwafin, da aka matse ta ta koma girman sallaya sai mutane da dawaki da shaho da karnuka suka cakuɗe, fuska bata fita. Ga aladen daji a ɗaya daga ciki, kullum sai ka yi wa baƙi bayani. Tawa tana naɗe a saman wadrob.

Sai dai dan Allah ka kula da masu sayarwa. Duk wanda yace maka nasa "na asali ne, lokacin yaƙin Iraki aka fito dashi", ko dai ƙarya yake ko kayan sata yake neman ɗora maka, ko wanne ne kar ka taɓa. Wasu kuma roba suke zubawa a mazubi su shafa mata ƙasa su ce dutse ne, ka ɗaga kaji nauyi, ka ƙwanƙwasa bayansa. In na takarda zaka saya kace ya turo maka bidiyo a hasken rana, kusa da gashin wuyan zakin, don da yawa hoton intanet suke saukewa su ja shi ya dushe. Kar ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin kaya ya iso hannunka.

Maganar ajiye siffar mai rai a gida kuma ka tuntuɓi malaminka tukuna, musamman na filasta mai tudu, kar ka saya uwargida tasa a fitar dashi. In an yarje maka, ɗauki zakanyar, ko wanda ake buɗe wa zaki keji.