Hattara da masu karɓar aikin ɗab'i alhali ko inji ɗaya ba su da shi

Jama'a a yi hattara. Akwai masu buɗe shafuka a Facebook da Instagram da sunan maɗaba'a, suna ɗora bidiyon manyan injinan Heidelberg na zubo takardu, alhali ko na'urar fotokwafi ba su mallaka ba. Bidiyon na wasu ne suka kwaso. Dillanci ba laifi ba ne in mutum ya fito fili ya ce shi dillali ne, amma waɗannan cewa suke yi wurin nasu ne.

Wasunsu kafin alƙalami kawai suke jira, da kuɗi sun shiga sai waya ta mutu. Wanda ya fi iya cuta shi ne mai kawo aikin, sai dai ba irin aikin da aka biya ba, kuma jarinsa ɗaya ne: ya san ba ka san yadda ake bugawa ba.

Ɗauki bugun ofset. Ana zana aikin a kan farantan alminiyom, kowane launi da nasa, guda huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Tawada ta hau faranti, ta koma kan roba, sannan ta sauka a takarda. Farantan nan da saita inji su ke cin kuɗi, shi ya sa ofset ba ya araha sai kwafi sun kai dubbai. Bugun dijital kuwa babu faranti, daga kwamfuta sai inji, kuma shi ya dace da aiki kaɗan. Kowanne da ranarsa. Damfarar ita ce a caje ka kuɗin faranti huɗu a kan kati ɗari biyu, a je a fitar da su da injin dijital mai amfani da hoda a madadin tawada. Don ka gane, naɗe kati ɗaya a daidai inda launi ya yi duhu. Hodar dijital a saman takarda take zama, sau da yawa za ka ga ta tsage ta bar farin layi.

Ko da ofset ɗin aka yi da gaske, akwai wani ha'incin. Takardun farko da inji ke fitarwa kafin launi ya daidaita sharar aiki ne, zubar da su ake yi. Mugu sai ya cusa su a tsakiyar kwali, ya jera masu kyau a sama. Zaro daga tsakiya da ƙasa ka duba: rubutu mai inuwa biyu, fuskar mutum ta koma kore, duk alamar launukan ba su hau kan juna ba ne.

Sai kaurin takarda, wanda masu sana'ar ke faɗa da giram, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar. Takardar ofis giram 80 ce, katin kasuwanci kuwa yakan kama daga 300 zuwa sama. Za a nuna maka samfur mai kauri, a kawo mai laushi, kuma adadin bai cika ba, don an san ba mai zama ya ƙirga dubu biyar. To sikeli ya isa. Takardar A4 mai giram 80 nauyinta giram 5 ne, 500 sun zama kilo biyu da rabi. Auna guda ɗari na aikinka, ka auna sauran, lissafi zai fito da kansa.

Riguna ma haka. Bugun da ake shigar da launi cikin zare da zafi a kan yadin foliyesta yake kamawa, in aka yi shi a auduga wankin farko zai tafi. Na sikirin, wanda ake matsa tawada ta cikin raga, sai an gasa shi a zafin da ya kai kusan digiri 160 na ma'aunin Celsius. Mai gaggawa ba ya jira. Ja rigar da hannu biyu, in zanen ya farfashe, bai gasu ba. Banar talla kuwa da za ta tsaya a rana, in aka yi ta da tawadar cikin ɗaki, nan da nan take koɗewa.

Kafin ka tura ko sisi, tambaye shi da wace hanya zai buga, kuma me ya sa. Mai sana'a zai amsa ba tare da inda-inda ba, har ya ba ka shawarar wadda ta fi sauƙi. Ɗan damfara sai ya ce kar ka damu, zai yi kyau. Nemi ganin injin, ko ta kiran bidiyo ne kai tsaye. A rubuta hanyar bugu, giram, adadi da ranar kammalawa a rasit, a buga kwafi ɗaya na gwaji ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe rabi.

Kuma a rubuta cewa fayil ɗin zanen naka ne. Wasu riƙe shi suke yi, ranar da ka so komawa wani wuri su ce sai ka sake biya.